Wa Zai Yi Jinyar Masu Taɓin Hankali A Ƙauyukanmu?

Duk manomin da ya taɓa kai riɗi ko wake Dawanau ya san sunan nan yana da ma'ana biyu a bakin mutanen Kano. Ta farko ita ce babbar kasuwar hatsi. Ta biyu kuwa asibitin masu taɓin hankali, wanda yara suke tsokanar juna da shi, suna cewa wane sai an kai shi Dawanau. Mutanenmu na Kunci, wadda aka sauya wa suna zuwa Ghari a 2024, da na Tsanyawa da Bici, suna bin wannan hanya duk lokacin da za su shiga birni. Amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tambaya, su wane ne suke aiki a asibitin nan? Ina suka yi karatu? Yaron da ya tashi yana noma gero da kiwon awaki zai iya zama ɗaya daga cikinsu?

A kan wannan darasinmu yake. Muna roƙo a karanta shi a taron dattawan ikkilisiya, da Zumuntar Mata, da ƙungiyar matasa. A tabbata iyayen yaran da suke aji uku na ƙaramar sakandare sun ji shi, za mu faɗi dalili a gaba.

Abin da ke cikin gidajenmu

'Yan'uwa, mu fara da abin da kowa ya sani amma ba a cika faɗa ba. Da wuya a sami ƙauyen da babu gidan da ake ɓoye wani a ɗakin baya. Akwai saurayin da ya fara magana shi kaɗai, ya daina wanka, har aka sa shi a mari. Akwai mai jegon da bayan mako ɗaya da haihuwa ta daina barci, ta ƙi ba jariri nono, tana cewa ba nata ba ne. Akwai yarinyar da farfaɗiya take kayar da ita kusa da murhu, aka cire ta daga makaranta, aka ware mata kwanonta. Akwai kuma dattijon da tun rasuwar matarsa ya daina zuwa gona da sujada, yana zaune kawai, ana cewa tsufa ne.

Iyalan nan ba mugaye ba ne. Yawancinsu sun sayar da akuya ko buhun gyaɗa suna yawon neman magani, sun gaji, sai suka koma ga igiya da kwaɗo.

A 2004 wasu likitocin Kano sun wallafa wani bincike da suka yi a ƙauyen Karfi, a ƙaramar hukumar Kura. Sun tambayi manya 250 abin da ke kawo taɓin hankali. Kashi 34 cikin ɗari suka ce shaye-shaye ne, kusan kashi 19 suka ce fushin Allah ne ko nufinsa, kashi 18 suka ce sammu ko iskoki. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne kashi 46 cikin ɗari sun ce asibiti suka fi so a kai mara lafiya. Ke nan tun shekaru ashirin da suka wuce, kusan rabin mutanen wani ƙauyen Kano a shirye suke su karɓi maganin asibiti. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai ba da maganin a kusa da su.

Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200, kuma kusan dukansu a manyan birane suke. Ba za mu zauna jiran ranar da za a turo ɗaya Shuwaki ba. Wanda zai iya zama kusa da mu shi ne ma'aikacin jinya, wato nas, wanda ya koyi wannan fanni.

Aikin da nas ɗin yake yi

Mutane da yawa suna zaton aikin shi ne danne mara lafiya a yi masa allurar barci. Wannan kaɗan ne ƙwarai daga ciki. Abu na farko da ake koya wa ɗalibi shi ne ya rarrabe. Mutumin da aka kawo yana sambatu da zazzaɓi mai zafi, wataƙila cizon sauro ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau, ko taifot. Irin wannan yana bukatar maganin cutar da ke jikinsa cikin gaggawa, in aka ɓata kwana uku ana turare ana iya rasa shi. Wanda ya yi watanni yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, nasa daban ne. Wanda ya sha tiramol ko wiwi har ya rikice, shi ma daban. Kowanne da hanyar da ake bi da shi.

Bayan haka sai magani. Magungunan da aka fi amfani da su tsofaffi ne, an san su, kuma ba su cika tsada ba. Akwai chlorpromazine da haloperidol ga masu jin muryoyi da ruɗewa, akwai amitriptyline ga mai ciwon baƙin ciki, akwai phenobarbitone da carbamazepine ga mai farfaɗiya. Akwai ma allurar da ake yi sau ɗaya a cikin makonni kaɗan ga wanda shan ƙwaya kullum yake yi masa wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 7 cikin 10 masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in suna samun maganin da ya dace. Amma maganin yana da nasa wahala. Wani wuyansa yakan sandare, wani harshensa ya yi nauyi, wani hannunsa ya riƙa rawa. In babu wanda zai bayyana wa iyali cewa ana iya gyara wannan, sai su tsorata su zubar da maganin. Wasu kuma da zarar sun ga sauƙi sai su daina, bayan watanni ciwon ya dawo, a ce ai dama asibiti ba ya maganin irin wannan. A nan ne aikin nas ya fi yawa, wato bin sawu, da ziyarar gida, da zama da uwa ko miji a yi bayani sau biyar in ta kama.

Shi ne kuma zai koya wa gida abubuwan da suke ceton rai. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa mai ita. In mutum ya faɗi, a janye shi daga wuta, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai. Mai jegon da ta rikice, wadda takan faru ga mace 1 ko 2 cikin kowace haihuwa 1,000, a kai ta asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai da jariri, kuma yawancinsu suna warkewa sarai. In wani ya fara cewa ya gaji da duniya, a ɗauki maganar da gaske, a kulle maganin feshi da fiya-fiya inda hannunsa ba zai kai ba, domin a gidan manomi su ne suka fi kusa.

Maganar shaye-shaye ita ma ta shigo cikin aikin. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suke shan ƙwayoyi a Nijeriya, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A wannan shekarar ce gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Kada mu ce wannan matsalar 'yan birni ce. Samarinmu da suke tafiya cin rani suna dawowa da ita, wasu kuma a gonar ƙodago suka koya, don wai su yi aiki ba gajiya. Burkutu ma, da muke yi wa kallon abin gida, ya lalata hankalin magidanta da yawa.

Wani zai ce, to ina addu'a? Muna yin ta. In yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye, muna yi masa addu'a muna kuma ɗora ƙafar, ba mu taɓa ganin saɓani a nan ba. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne a ɗaure mara lafiya a bayan majami'a, a hana shi abinci da sunan azumi, a hana shi maganinsa. A 2019 aka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna aka fito da mutane fiye da 300, aka sake buɗe wani a Daura. Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a wannan shekara ya nuna ana ɗaure mutane da sarƙa a wuraren Musulmi da na Kirista da na masu maganin gargajiya, har da wasu na gwamnati. Ba mu da bakin nuna wa kowa yatsa. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, wadda aka sanar a watan Janairu 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma hana ɗaure mara lafiya da sarƙa.

An taɓa yin sa a ƙauye

Jinyar masu taɓin hankali a ƙauye ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya dawo daga Ingila ya kama aiki a Aro, kusa da Abeokuta. Ya yi shawara da masu garuruwan da ke kewaye, aka riƙa sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye, kowanne tare da ɗan'uwansa mai kula da shi. Suna zuwa asibiti karɓar magani, suna komawa su ci abincin gida, su shiga kasuwa, su yi hira da mutane. Ma'aikatan jinya ne suke zagayawa a cikin ƙauyukan. Tsarin ya yi suna a duniya, Lambo kuma ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988.

Ikkilisiya ma ta yi nata. A 1989 ikkilisiyar Methodist tare da wata Baturiya mai suna Rosalind Colwill suka kafa Amaudo a Itumbauzo, cikin jihar Abiya ta yanzu. Suna ɗauko masu taɓin hankalin da suke kwana a tasha da kasuwa, su zauna tare da su, a yi musu magani, a koya musu sana'a, a nemo danginsu a mayar da su gida. Da suka ga waɗanda suka koma gida suna bukatar mai bin sawunsu, sai suka haɗa hannu da gwamnatocin jihohi aka sa ma'aikatan jinya na wannan fanni a ƙananan asibitoci. A jihar Binuwai ma Methodist da ƙungiyar CBM da gwamnatin jiha sun fara irin wannan shiri a 2011. A duk wuraren nan, nas ne ginshiƙin aikin.

Tun 1991 manufar gwamnatin tarayya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan asibitin matakin farko. A takarda ke nan. Kowa ya je asibitin mazaɓarsa ya tambaya ko akwai maganin farfaɗiya, zai ga nisan da ke tsakanin takarda da kanta.

Hanyar karatun

A Ingila ɗalibi yana iya shiga jami'a kai tsaye ya yi digiri na shekara 3 a jinyar masu taɓin hankali kaɗai. A Nijeriya ba haka aka saba ba. Ana yin digirin jinya gaba ɗaya, wanda ake kira BNSc, lafiyar ƙwaƙwalwa tana ciki, daga baya mutum ya zurfafa a fannin. Kada wani ya karɓi kuɗinku ya ce zai samo wa yaro gajeriyar hanya.

Digirin shekara 5 ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB. Ana yin sa a Jami'ar Bayero ta Kano, inda ɗalibai suke koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Jami'ar Bingham ta ECWA da ke Karu ita ma tana yi, sai dai mai zaman kanta ce, kuɗinta ya fi ƙarfin yawancinmu. Ana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fizis. A JAMB kuma ana rubuta Turanci da bayoloji da kemistiri da fizis. Masu neman jinya suna da yawa, guraben kuma kaɗan ne, saboda haka makin da zai shigar da ɗalibi wani sashen ba lallai ya shigar da shi wannan ba.

Ga dalilin da ya sa muka ce iyayen 'yan aji uku su saurara. Ba a ranar JAMB ake faɗuwa wannan jarrabawa ba, tun a aji ɗaya na babbar sakandare ake faɗuwa. Yarinyar da aka sa ajin adabi domin makarantarsu ba ta da malamin fizis, an rufe mata ƙofar jinya tana da shekara 15, ita da iyayenta ba su ma sani ba. Jihar Kano tana da makarantun kimiyya na kwana, irin su na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu waɗanda aka buɗe a 1977, akwai kuma na 'yan mata, ana shiga ta jarrabawa bayan aji uku. In yaro bai samu ba, a nemi makarantar da take da ɗakin gwaje-gwaje a Bici ko Kano, ya zauna wurin dangi. Ikkilisiyar da take da malamin kimiyya a cikin membobinta, ta roƙe shi ya riƙa yi wa yara darasi lokacin hutu. Wannan ya fi sayen sabuwar ganga amfani, ko da yake mun san 'yan mawaƙa ba za su ji daɗin wannan magana ba.

Shekarar farko a jami'a kimiyya ce zalla. Daga ta biyu ake shiga sanin sassan jikin mutum da yadda suke aiki, a nan ne ɗalibai da yawa suke shan wuya, musamman waɗanda Turancinsu bai zauna ba. Sannan ilimin magunguna, da jinyar manya da yara, da ungozomanci, da lafiyar al'umma. Lokacin darasin lafiyar ƙwaƙwalwa ana tura ɗalibai makonni su yi aiki a sashen masu taɓin hankali. A can ake koyon zama da mutumin da yake cikin tsoro ko fushi, da yadda ake tambayarsa ba tare da an wulaƙanta shi ba, da rufa masa asiri. Ɗalibi da yawa yakan shiga da fargaba, ya fito ya gane yawancin marasa lafiyar nan su ake cuta, ba su ne suke cutar da mutane ba. Kafin a gama ana rubuta jarrabawar Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, ita ce mai ba da lasisi. Bayan digiri akwai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan bautar ƙasa. In aka haɗa, shekara 7 ke nan, in ba a yi yajin aiki ba.

Akwai hanya ta biyu. Ɗalibi yana iya shiga kwalejin koyon jinya, kamar ta jihar Kano ko ta Asibitin St. Luke na Anglican da ke Wusasa, ya sami lasisi ya fara aiki. Daga nan yana iya shiga jami'a a aji biyu, ko ya nemi horo na musamman a jinyar masu taɓin hankali, irin wanda Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna ya daɗe yana bayarwa. Ga ɗan talaka wannan hanya tana da daɗi, domin yana iya ci gaba da karatu da albashinsa. Kowace makaranta aka zaɓa, a fara tabbatar da cewa hukumar jinya ta amince da ita. Makarantun bogi suna nan da yawa, da farar riga da allo mai kyau a bakin titi, amma takardarsu ba ta kai mutum ko'ina.

Kuɗi, da maganar komawa gida

Tun 2024 akwai asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, NELFUND, ga waɗanda suke makarantun gwamnati. Ba shi da ruwa, kuma sai shekara 2 bayan bautar ƙasa ake fara biya. Yana rage nauyin kuɗin makaranta, amma akwai littattafai, da kayan aiki, da kuɗin jarrabawar lasisi, da na mota zuwa wuraren koyon aiki. A nan ikkilisiya za ta iya shigowa. Wasu suna ware gonar ikkilisiya, wasu kowane gida ya ba da tiya biyu ta gero ko wake da kaka, a ajiye a sayar lokacin da hatsi ya yi daraja. Ɗalibin da yake tafiya makaranta da garin tuwo da wake da ƙuli-ƙuli daga gida, an ɗauke masa rabin damuwa.

Sai dai akwai maganar da dole dattawa su yi ta a fili tun kafin a tara ko tiya ɗaya. A farkon 2024 hukumar jinya ta ce ma'aikatan jinya kusan 42,000 ne suka bar Nijeriya cikin shekara 3. Masu fannin ƙwaƙwalwa suna cikin waɗanda Ingila take nema. Yaron da muka ɗauki nauyinsa zai ga abokansa suna tafiya, zai kwatanta albashi, ga ƙannensa suna jiransa. Ba mu ga laifinsa ba in ransa ya biya. Mu dai a ganinmu gara a zauna da shi da iyayensa tun farko a yi yarjejeniya a rubuce: shekara nawa zai yi aiki a yankinmu bayan ya gama, in kuma ya zaɓi tafiya, zai ɗauki nauyin ɗalibi na gaba. Mun kuma lura cewa wanda ya riga ya ga ciwon nan a gidansu, ko macen da take da aure da gona a nan, sun fi zama. Wajen zaɓen wanda za a taimaka, a duba wannan tare da sakamakon jarrabawa. Kada kuma a manta da masu cewa yarinyar da ta yi aiki da mahaukata ba za ta sami miji ba, ko ciwon zai shafe ta. Ciwon ba ya yaɗuwa. Zumuntar Mata ce ta fi kowa iya kashe wannan magana.

A taronku, ku tattauna waɗannan. Mutum nawa muka sani a ƙauyenmu da suke ɗaure ko a kulle, kuma yaushe wani daga ikkilisiya ya ziyarce su? Yara nawa muke da su a ajin kimiyya a bana, mata nawa ne a ciki? In an sallamo wani daga Dawanau, wa zai riƙa tuna masa ranar komawa, wa zai raka shi?

Ga waɗanda za su rubuta JAMB, rajista takan fara ne a farkon shekara, kuma ba a yin ta sai da lambar zama ɗan ƙasa, wato NIN. A duba tun yanzu cewa suna da ranar haihuwar da ke kan NIN sun yi daidai da na takardar WAEC ko NECO, harafi da harafi, domin gyaran yana ɗaukar lokaci. A karɓi takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma da wuri. Jami'o'in tarayya suna ware wani kaso na gurabe ga 'yan yankin da ke kewaye da su, da kuma jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko, Kano tana cikinsu, kuma da wannan takarda ɗalibi zai nuna shi ɗan jihar ne.